Tsuntsayen Daouda

Bidiyon safiyar nan ma tsuntsaye ne. Chamsiya ta kalle shi a kwance a gidansu na unguwar Wendover a Amurka, ƙafafu a kumbure, ciki ya tsufa. Fararen tsuntsaye da suka gudo wa sanyin Turai suna sauka kan itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwan gishiri. A ƙasa wani kada ya shanya baki a laka kamar gungume.

Mijinta Daouda ɗalibin jami'a ne, binciken tsuntsaye masu ƙaura ya kai shi wani gandu a gaɓar tekun Senegal. Da farko da surutu yake cika bidiyon, yana laƙa wa kowane zalɓe sunan wani danginta don tsokana. Yanzu shiru, sai motsin ruwa. In ta kira ba a ɗauka, sai gajeren saƙo wai babu rezo, waya ba ta kamawa.

Abin ya ci mata rai. Mutum ya bar mace da hawan jini, likita na gargaɗin ko faɗuwar gaba kar ta yi, shi yana can yana kiwon tsuntsu. Har ta fara zargin wata ce ta ɗauke masa hankali.

Ga kuma Tanti Kaltouma, matar kawunsa, da ta tare a gidan ba gayyata. Ta kwashe turaruka wai suna tayar da zuciya, ta hana ƙunshi, ta adana sarƙa da 'yan kunne. Bikin da aka yi a East Greensboro ma cewa ta yi mai ciki ba ta shiga taro. Matan Nijar kuwa sai sintiri da kwanukan abinci, su zauna jugum, su tashi.

Ranar da ta haifi namiji, ta ce a nemo mata Daouda ko ta halin ƙaƙa, ya zaɓi suna. Tanti ta fita ta dawo da mijinta, Malam Issaka. Ya tambayi nas ko jinin ya sauka, aka ce ya sauka. Ya ɗauki jaririn, ya yi masa huɗuba da Daouda, sannan ya tsuguna bakin gado, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Abokin aikin mijinki ke turo tsuntsayen tun ranar da kada ya kife musu kwalekwale. Da haihuwar nan, takabarki ta ƙare."