Littattafan da Tidjani Ya Zaɓa

Tidjani ya ɗaga ƙasidun juyin juya hali da ke saman teburinsa, ya dubi hagu da dama, sannan ya zaro wani littafi mai bangon takardar siminti ya tura wa Jibrilu.

"Kai mata wannan, kamarad. Ka ce kai ka zaɓa." Kamarad kowa ke ce wa kowa tun da gwamnatin juyin juya hali ta hau.

Jibrilu dillalin shanu ne a Zongon Kwatano. Ba shi rubutun ajami ya karanta maka tiryan-tiryan, amma Faransancinsa bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Sai ga shi zuciyarsa ta rasa inda za ta maƙale sai wajen Felisite, mai buga tafireta a biro, wato ofishin duba lafiyar dabbobi. Kirista ce 'yar unguwar Avotrou da ke tsallaken gada, ta iya Hausa a bakin fatake, kuma abu ɗaya ke mantar da ita abincin rana: littattafan labari na Kirista, irin waɗanda ta saba da su a makarantar sistoci. Tun da gwamnati ta karɓe makarantun mishan, samun irinsu ya yi mata wuya.

Aurenta yake so, ba da wasa ba. Ya sha fama kafin mahaifiyarsa ta ce to. Saura Felisite, wadda kullum take dariya ta ce sai ta ga irin zuciyarsa tukuna.

Wa zai taimake shi in ba Tidjani ba? Lokacin da mutumin ya zo Zongo baƙo, da hularsa da kwalin littattafai, ya ce shi Bayarabe ne Musulmi daga Porto-Novo, Jibrilu ne ya nema masa gindin katanga kusa da tasha inda zai kasa littattafansa, ya kuma tsaya masa gaban komiten unguwa. Kwano ɗaya suke sa hannu. Masallaci kaɗai ke raba su, don Tidjani kullum ba shi da mai tsare masa tebur, Juma'a kuwa a tsallaken gada yake yin tasa.

Ranar da Jibrilu ya faɗa masa sunan yarinyar da unguwarsu, Tidjani ya daɗe yana goge bangon wani littafi. Bai tambayi me ta karanta, me ba ta karanta ba. Cewa kawai ya yi, "Bar mini wannan."

Littafin farko, rungume shi ta yi don murna. Na biyu ta yi godiya. Daga nan dariyarta ta fara ja da baya. Wata rana ta riƙe wani a hannu, ta zuba wa Jibrilu ido.

"Malam Jibrilu, da gaske kai ka zaɓa? Ka san abin da ke ciki?"

Namiji da girman kai! Ya ce, "Ciki da bai."

Ta sunkuyar da kai ta koma kan tafiretarta. Da ya kai wa Tidjani damuwarsa, sai ya ce labarin ne ya kama ta, ga wani ma da ya fi wancan. Jibrilu ya karɓa da hannu biyu har yana sa masa albarka.

Damina ba ta ƙare ba ya ji a bakin masinjan biro cewa an sa ranar Felisite da wani malamin makaranta ɗan unguwar Agla. Ran Lahadi da la'asar ya haye gada, ya yi ta tambaya har ya gano gidansu. Bai taɓa zuwa ba sai ranar. Ta fito tsakar gida, ta rame, idanunta sun faɗa.

"Me na yi miki?" ya ce.

"Ni za ka tambaya? Kowane littafi ka kawo mini, labarin yarinya ne da ta auri wanda ba addininsu ɗaya ba. Wata ta haukace, wata ta mutu babu mai binne ta. Kuma ka ce ka san abin da ke ciki. Na yi kuka har na gaji. Yayana ne ya fahimtar da ni, ya ce sallama kake mini, kunya ta hana ka faɗa da baki."

Sai yanzu Jibrilu ya gane. Ashe da hannunsa ya yi ta kai mata abin da zai raba su, yana murmushi. Ya buɗe baki zai rantse mata cewa ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba, sai labulen ɗaki ya motsa.

"Ga shi nan ma," in ji Felisite. "Yaya Teofil, zo ku gaisa da baƙo."

Tidjani ya fito, kansa babu hula, ɗan gicciye na lilo a wuyansa.