Yayan da Ya Ƙi Cewa Na Yafe

Kin ce marubuci sarki ne a kan takardarsa, wanda ya ga dama ya kashe, wanda ya ga dama ya raya. To zauna, 'yata, ki ji wani misali.

An yi wani malamin makaranta, ɗan masunta ne daga wani ƙauye a bakin kogi, karatu ya kai shi birni. Yayansa ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, da kamun kifi ya ciyar da shi har ya zama mutum. Wata rana yayan ya kai masa ziyara makaranta, ɗauke da ƙunshin busasshen kifi, rigarsa tana ƙarni. Abokan aiki suka tambayi malamin ko wane ne wannan, sai ya ce, "Wani mutumin garinmu ne." A kunnen yayan. Shi kuwa yayan ya ajiye ƙunshin a bakin ƙofa, ya juya. Shekara tara ƙanen yana cewa gobe zai je ya ba da haƙuri, har ranar da aka aiko masa cewa an riga an kai yayansa makwanci.

Da ya bar aiki sai ya ɗauki alƙalami, ya ce abin da duniya ta hana shi takarda za ta ba shi. Ya rubuta labarin wa da ƙane. Komai ya tafi sumul, har wurin da ƙanen ya koma gida ya durƙusa gaban yayansa a bakin kogi. Nan ya sa yayan ya rungume shi ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira." Da ya karanta, sai ya ji muryar wani baƙo ce. Ya yaga. Ya sa yayan kuka, sai ya tuna yayansa ko ranar da aka binne uwarsu bai zubar da hawaye ba. Ya kwantar da shi ciwo ko zuciyarsa za ta yi laushi, mutumin ya juya fuska bango. Damina biyu yana kan shafi ɗaya. Matarsa ta ce, "Malam, ba kai ke riƙe da alƙalamin ba? Ka sa shi ya faɗa mana, ka huta." Ya ce, "Na sa shi ya fi sau goma. Ba shi ke faɗa ba."

Da ya gaji, sai ya durƙusar da ƙanen, ya sakar wa yayan mara ya yi abin da zai yi. Yayan bai ɗago kai daga tarun da yake ɗinkewa ba. Sai ya ce, "Ka danne min igiya. Matsa." Can kuma ya miƙo bakin tarun ya ce, "Riƙe nan." Malamin ya ajiye alƙalami, ya kifa kai a kan takardar ya yi ta kuka, domin wannan karon muryar yayansa ce sak, wadda ya yi shekara da shekaru yana marmarin ji. Kalmar yafiya kam bai same ta ba. Har ya tsufa bai san ko an yafe masa ba, amma bai ƙara taɓa shafin nan ba, ko ɗigo.

Kin gani, 'yata, ko a takarda ba a yi wa mutum dole. Gaskiyar masu iya magana: hali zanen dutse ne.