Zanen Ƙyauren Inna

Yahuza ya tura katako na ƙarshe cikin injin, ya fito sumul. Jiya ya ƙara wa tsohon injinsa ƙarfi, ya sa masa wuƙar goge katako. Don ya burge mahaifiyarsa, Inna Uwaliya, ya ciro ƙyauren ɗakinta tana gidan suna a Hunkuyi. Ɗoki bai bar shi ya tambayi kowa ba.

Da ta dawo, ta shafa ƙyauren, ta sake shafawa.

“Yahuza, ina zanen da ke nan?”

“Wannan karce-karcen? Na goge, Inna. Dubi yadda yake sheƙi!”

Ta zauna a bakin ƙofa.

“Ranar da injin nan ya ci hannunka, na yi wa Allah alkawarin azumi ɗari in ka warke. Duk wanda na kai, sai in ja zane da ƙusa. Ƙyauren ke riƙe mini lissafi.”

Yahuza ya kalli tabon hannunsa, ya kalli tsohuwar.

“Ba komai, ɗan nan,” ta ce. “Gobe Alhamis. Sai in faro daga ɗaya.”