Agogon Sha'ibu

Falmata ta biya abonma, wato kuɗin sauraron waƙoƙi, na wata guda a kan asusun mutumin da ya mutu. Mai shagon waya ya dube ta kamar ta zare.

Ƙanenta Sha'ibu ya faɗi ne a kan hanyar Mirriya, da sassafe, yana gudun motsa jiki. Likita ya ce zuciya ce. Wannan ta karɓa, don kowa da ranarsa. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne hannunsa na hagu. Lokacin da ta isa asibiti, inda mahaifinsu ya riga ta zuwa, ta tarar da shatin agogo a fatarsa, babu agogon, babu 'yan na'urorin kunnensa. Wato wani ya durƙusa kan yaro yana shure-shure, ya kwance masa agogo.

Sha'ibu ya fi son agogon nan da abinci. Yakan bar wayarsa a ɗaki, ya sauke waƙoƙi cikin agogon, ya bi hanyar da ko rezon waya babu yana ji abinsa. Mahaifinsu Malam Gana ya tsani abin. Malami ne na zaure a unguwar Birni, wanda ya taɓa fasa rediyo a tsakar gida. Shekara biyu ba ya amsa gaisuwar Sha'ibu da kyau, yana cewa ya ɗaura wa kansa makaɗi a hannu.

Wanda Falmata ta fara cafka shi ne Yunusa, ɗan kabu-kabun da ya kwaso Sha'ibu a kan babur ɗinsa zuwa asibiti. Ɗan baffanta Alkasum jandarma ne, kuma ba ya ƙin maganarta. Yunusa ya kwana biyu a rufe yana rantsuwa da duk abin da ya sani. A rana ta uku Malam Gana ya je da kansa, ya ce a saki bawan Allah, shi ya tsaya masa.

"Ke Falmata, ki bar maganar agogon nan," in ji shi.

"Baba, wallahi ba zan bari ba. Ko wane ne sai ya sha kunya a garin nan."

Ta ɗauki wayar Sha'ibu ta kai gidanta a Sabon Gari, ta ajiye a kan caji. Ta san abin da ɓarawon bai sani ba, don marigayin ya sha yi mata ƙorafi a kai. Waƙoƙin da aka sauke kwana talatin kawai suke yi. Bayan nan sai su kulle, sai an haɗa agogon da intanet. Kuma da zarar an haɗa, duk hanyar da aka taka da shi sai ta zubo cikin wayar, lungu-lungu, har da bugun zuciyar mai ɗaure da shi. Shi ya sa ta biya abonma. Bari ɓarawo ya ji daɗin kiɗa ya saba, yadda ranar da kiɗan ya ɗauke ba zai iya haƙuri ba.

Kwanakin suka yi ta ja. Ta rame, ta daina zuwa biki, ko mijinta ya koyi yin shiru. Kowane matashi ta gani da agogo sai ta bi hannunsa da kallo har ya tsargu. A zuci ta gama tsara komai: ankwa, a gaban maƙwabta, da rana tsaka, a zaga da shi ta bakin kasuwar Dole.

A Birni kuwa tsoho ya lalace. Ya rage karatun zaure. Bayan asuba sai ya naɗa rawani har kunne, ya ɗauki sanda ya fita, ba ya dawowa sai hantsi. Mutane suna gaishe shi yana wucewa kamar bai ji ba. Suka ce baƙin ciki ya taɓa masa ji. Falmata ta ƙara wannan ma a cikin laifin ɓarawo.

Kwana talatin suka cika, shiru. Talatin da ɗaya, shiru. Ta fara tsoron ko an sayar da shi Kano.

Ranar Alhamis da la'asar, tana tsinke zogale, wayar Sha'ibu ta yi ƙara, alamar an haɗa agogon.

Ba ta tsaya dubawa ba, ta tura wa Alkasum taswirar hanyar, ta kira shi.

"Ga shi nan. Duk inda layin ya fara, can ne gidansa. Ka ɗauki mutanenka yanzu. Kada ka saurari kowa, ko ni ce na roƙe ka."

"An gama, Yaya. Ina tura yara da mota."

Sai a lokacin ta zauna ta buɗe taswirar, don ta more.

Hanya ɗaya ce, an maimaita ta sau ashirin da tara. Ba gudu ba ne. Tafiya ce ta a-hankali, da tsayawa a kowace kwana. Waƙoƙin Sha'ibu ne ake bi a jere, ba a tsallake ko ɗaya ba. Kullum layin a maƙabarta yake ƙarewa, ya tsaya wuri guda kusan awa, kuma a nan bugun zuciyar ke hawa.

Ta sa yatsu biyu ta buɗe ɗaya ƙarshen layin, ta bi lungunan Birni, ta wuce masallaci, ta wuce rijiya, ta sha kwanar da ƙafarta ta sani tun tana yarinya.

Ta danna lambar Alkasum, ba ya ɗauka, motar jandarma kuwa ta riga ta kama hanyar zauren Malam Gana.