Jinin Lauratu

Ko leda ɗaya ce ta jini a nemo kafin la'asar, in ji likita. Lauratu ta sauka lafiya da hantsi, an samu namiji, sai jini ya ɓalle mata. Nata O ne negatif, irin wanda ke ba kowa amma ba ya karɓa sai daga irinsa, a ma'ajiyar asibitin kuwa babu ko ɗigo.

Mijinta Nata'ala, tela a Koki, shi ya fara miƙa hannu. Bai dace ba. Ya kwaso abokan shago da 'yan dakon Ƙofar Dawanau, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana huda yatsa, duk a banza. Hankalinsa ya tashi, ko inda hularsa ta faɗi bai sani ba.

Surukarsa Hajiya Bilkisu ma ta ce a gwada ta. AB aka samu.

"Jini gado ne, rabi daga uwa, rabi daga uba," in ji mai awon. "Mai AB kuwa da wuya ta haifi mai O..." Ya dubi Hajiya, ya haɗiye sauran. Nata'ala bai ma ji ba, idonsa na kan ƙofar ɗakin da matarsa ke kwance.

Hajiya ta dubi Nata'ala, ta ce, "Maza je unguwar Zaitawa, ka ɗauko Ladi."

Ladi ƙanwar Hajiya ce, kuma duk dangin babu wadda Nata'ala ke jin haushi kamarta. Bai taɓa jin ta ambaci Lauratu ba, sai dai "waccan". In Lauratu ta shigo ɗaki, ita ta fita. Ranar biki ma a bakin murhu ta wuni tana wanke tukwane. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ya je ya faɗa mata. Bai rufe baki ba Ladi ta bar tuwo a wuta, ta faɗa adaidaita sahu da takalmi wari da wari. Aka gwada, O negatif. Da leda ta cika ta hana a zare allura, tana roƙo a ƙara, sai da aka lallashe ta.

Bayan la'asar Lauratu ta buɗe ido. Ladi ta juya baya, ta tambayi bango, "Waccan ta farka?" Aka ce ta farka. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fice.

Abin ya ci wa Nata'ala rai. Ya durƙusa gaban surukarsa, kai a ƙasa.

"Hajiya, a gafarce ni. Ta ba ta jininta, amma ko sunanta ta kasa kira?"

Hajiya ta share ido da bakin mayafi.

"Kai ma dai, Malam. Ni riƙon Lauratu aka ba ni tun tana cikin tsumma. Wace uwa ka taɓa ji ta kira sunan 'yar farinta?"