Yumɓun Kwarin Dodo

Kin tambaye ni abin da ya sa dodon tatsuniya da na fim ba ya zama da fuska ɗaya. To, ga misali.

Wata maginiya ce yumɓun bakin garinsu ya ƙare, sai ƙasa mai yashi. In ta gasa randa goma, bakwai su tsage, har tuwon gidanta ya fara gagara. Yumɓu mai kyau kuwa yana nan jibge a wani kwari bayan dutse, amma ba mai taka wurin, wai gidan Dodo ne. Ita mace ce mai taurin kai, sai ta shiga tambayar kamanninsa. Wani dattijo ya ce hannuwansa igiya ne, a wuya yake kama mutum ya ja shi har a daina jin labarinsa. Ashe ta kwarin nan mahara suka wuce da kakan dattijon, ɗaure da igiya a wuya. Wata tsohuwa mai daddawa ta rantse ba haka yake ba, fuskarsa duk zanzana ce, numfashinsa kawai ke kashe yaro. Da maginiya ta bi diddigi, sai ta ji a shekarar agana can aka ware marasa lafiya, kuma 'ya'yan tsohuwar biyu ba su dawo ba. Ta ce, "Kowa da abin da ya ci gidansu yake gina wa Dodo fuska. Ni maginiya ce, na san aikin hannu in na gan shi."

Da hantsi ta ɗauki fartanya da kwando ta gangara kwarin. Ba ta tarar da komai ba sai kufan bukkoki da zabin daji. Ta haƙo yumɓu, ta gina randuna, ta gasa, ko ɗaya ba ta tsage ba. Ranar kasuwa mutane suka yi cirko-cirko nesa da randunan, ba mai ko tayawa. Ta cika ɗaya da ruwa, ta kafa kai a moɗa ta shanye a gabansu, ta tsaya ƙyam, ta ce mai jiran ta faɗi ya nemi inuwa, don zai daɗe. Kafin la'asar an saye su tas. Tsohuwar nan ce kaɗai da aka miƙa mata moɗar ta ɓoye hannunta cikin mayafi, hawaye na zuba. Maginiya ta ji tausayinta, ba ta yi mata dariya ba, ba ta kuma daina zuwa kwarin ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.