Farar da Ba Ta Gudu

Ɗana, ka ce ka samu abin da kowa ya wuce ya bari, kuma yana nan zaune yana jiranka. Tun da na ji, hankalina bai kwanta ba. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma ga misali, ka auna da kanka.

An yi wata mata mai kamun fara, da shi take ciyar da 'ya'yanta uku. Da sanyin asuba take fita, lokacin da raɓa ta yi wa fara nauyi, don da rana ta ɗaga sai dai ka bi ta da ido. Wata shekara fara ta yi wuya, ga rumbu ya yi ƙasa. Ran nan tana dawowa da buhu wayam, rana tsaka, sai ta bi ta wani fako mai tumfafiya. Ga fara nan dam a kan ganye, manya, masu ƙiba, rawaya da zane kamar an yi musu ado. Ta miƙa hannu, ko motsi ba su yi ba. Tsuntsaye na shawagi a wurin, ba wanda ya sauka. Ta ce kai, yau Allah ya dube ni. Tana kamawa suna fesa mata wani ruwa mai wari a yatsu, tana gogewa da bakin zane, har buhu ya cika.

Da ta zo gida ta fige fukafukai da ƙafafu ta watsa wa kaji. Kaji suka zo da gudu, suka leƙa, suka juya. Ta gani fa, ba wai ba ta gani ba. Sai ta ce ai ɗaci ne, ɗaci kuwa ta san maganinsa: yadda ake yi wa ganye, a tafasa a zubar da ruwan farko. Ta tafasa, ta tsiyaye, ta shanya, ta soya da gishiri da yaji. Ita ko ɗaya ba ta kai baki ba, wai don ya ishi yara. Ƙaramin, da yake ya fi su ramewa, shi ta fi cika wa kwano.

Kafin magariba amai ya kama yaran duka. Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta shigo, ta ɗauki fiffike ɗaya a ƙasa ta duba, ta sa salati. Ta ce, “Wayyo 'yar nan, farar tumfafiya ce! Nonon tumfafiya take sha tun tana ƙarama, dafin yana cikin namanta, wuta ba ta fitar da shi. Farar da ta ga hannu ba ta tashi ba, ai ta san abin da ta taka.” Manyan biyu suka sha wuya suka tashi. Ƙaramin, washegari da hantsi aka kai shi makwancinsa.

Matar nan ba muguwa ba ce, ba kuma malalaciya ba. Yunwa ce ta hana ta tsayawa ta tambayi kanta abin da ya sa tsuntsu ya ƙi, kaza ta ƙi. Shi ya sa masu iya magana suka ce, ruwa ba ya tsami banza.